Kofin Bakin Taga

"Ragini, don girman Ubangiji ki ajiye aikin nan. Ki ce ba ki da lafiya, ki turo wata ta ƙarasa koya musu."

Ragini ko ɗagowa ba ta yi ba. Tana zaune a matattakalar benen da take koyar da rawa, tana kwance akayau daga ƙafarta a hankali kamar ba da ita ake ba. Ɗalibai duk sun watse, rana ta yi sanyi, hayaniyar masu babur mai ƙafa uku ce kawai take hawowa daga titi.

"Wace wata?" ta ce. "Amaryarka ni ta zaɓa. Ta ce duk garin Agra ta bincika a waya, ba ta ga wadda za ta tsara mata rawar biki ba sai ni. Yarinya ta zo da murnarta, ni ce zan watsa mata ƙasa a ido?"

"Kin san abin da nake nufi."

"Ban sani ba, Anurag. Ai ba ka saba faɗar abin da kake nufi ba."

Maganar ta same shi. Anurag Tiwari ya durƙusa a matakalar da take ƙasa da tata, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Kyakkyawa ne, wannan ko maƙiyinsa ba zai hana shi ba, ga sanyin murya ga ladabi. Tun suna jami'a suke tare, kuma a duk shekarun nan bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sai daga baya ta gane ba don ita ba ne. Babu wanda yake iya ɗaga wa murya, ko da a gabansa ake yanka ta.

"Har yanzu ke nake so," ya ce. "Ba na barci, ba na cin abinci. Duk sanda na shigo ɗakin nan kina nuna mini yadda zan riƙe hannun Tanvi, ji nake kamar in mutu."

"To mutu mana. Ko shi ma sai Mami ta ba ka izini?"

"Ragini..."

"Kar ka kira sunana. Ranar da ya kamata ka kira shi ba ka kira ba."

Ranar da take nufi ita ce ranar da ya kai ta gidansu. Ya yi ta rantse mata cewa mahaifiyarsa wayayyiya ce, mai son fim, har kuka take yi idan aka raba masoya a talabijin. Kusum Tiwari kuwa ta karɓe ta hannu bibbiyu. Ta yaba haskenta, ta yaba gashinta, ta zaunar da ita a kujerar falo, ta zuba mata shayi a kofin tangaran mai zanen fure. Sannan ta yi tambayar da kowace uwa a ƙasar nan take ɓoyewa a ƙarƙashin harshe.

"Ragini wa, 'yata?"

"Ragini Jatav."

"Babanki fa, me yake yi?"

"Baduku ne. Takalma yake ɗinkawa."

Su Tiwari Brahman ne, zuriyar masu karatun addini, waɗanda suke ganin daga Ubangiji sai su. Dukawa kuwa irin su Jatav, masu taɓa fatar dabba, a wurinsu ko inuwa ba a haɗawa da su.

Kusum ba ta yi faɗa ba, murmushinta ma bai gushe ba. Hannu kawai ta miƙa ta janye kofin tangaran ɗin tun bai kai bakin Ragini ba. Ta shiga kicin, ta zura hannu ta taga da tsumma, ta ɗauko wani kofin ƙarfe da aka ɗiga wa jan fenti a mariƙi. Na mai sharar gidan ne, a bakin taga yake kwana ta waje. Ta dangwarar da shi a ƙasa, ta tsiyayo shayi daga sama don kada bakin buta ya taɓa shi.

"Sha, 'yata. In kin gama ga famfo can a tsakar gida. Mu a nan wanda ya sha shi yake wankewa, ya kife a inda ya gani."

Ragini ta kalli Anurag. Anurag yana kallon yatsun ƙafarsa.

Ta shanye shayin tas da zafinsa, har ya ƙona mata harshe. Ba ta je famfo ba. Ta jefa kofin a jakarta ta fita, babu kuma wanda ya biyo ta. Damina ba ta wuce ba sai ga labari an yi masa baiko da Tanvi, 'yar Bajpai mai otal-otal.

"Na yi kuskure, na sani," Anurag ya ce, hawaye yana bin gefen hancinsa. "Amma ba ki san Mami ba. Ta ce idan na aure ki guba za ta sha. Ta ce ƙanwata za ta tsufa a gida, babu wanda zai nemi auren 'yar gidan da badukiya ta shiga. Me kike so in yi?"

"Ni na ce ka kashe uwarka? Baki na ce ka buɗe. Da ko 'Mami, bari' ka ce, na rantse da na wanke kofin nan da hannuna ina dariya. Da na jira ka har gashina ya yi fari. Amma ka zauna kana ƙirga yatsunka, kamar ranar ka fara ganinsu."

Ta ci alwashin ba za ta yi kuka a gabansa ba, sai ga shi muryarta ta karye. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta tsani uwarsa tsanar da ba ta taɓa yi wa wani mahaluki ba, shi kuma ta yi ta yi ta tsane shi abu ya gagara. Har yanzu idan ta ji takunsa a matattakala gabanta faɗuwa yake yi.

Ta share fuska da gefen mayafinta, ta miƙe.

"Zan ba ka dama ɗaya, ba don ka cancanta ba. Ranar rawar biki, a gaban kowa, za a ce ka yi wani abu. Idan ka ƙi, na yafe komai, ni da kai mu fita ta ƙofa ɗaya. Idan ka yi, to kai ka yanke da hannunka."

"Wane abu ne?"

"Za ka gane shi idan ya zo."

Ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, ta tsallake Anurag ta sauka.

*

A gida ma wata wutar ce take jiranta. Tun daga bakin lungu warin fata da na gam suka tare ta, warin da ta tashi a cikinsa. Mahaifinta Bansilal yana bakin ƙofa a sunkuye, yana ɗinkin takalmi. Mahaifiyarta kuma tana tsaye a tsakar gida da kofin ƙarfen a hannu.

"Wannan tsinannen kofin me yake yi a jakar aikinki? Ba na ce ki jefa shi a kwata ba?"

"Ajiye mini kayana, Mama."

"Ba zan ajiye ba. Mutanen nan ba abokan wasanki ba ne, Ragini. Su ne 'yan sanda, su ne alƙalai. Ki bar su da Ubangiji, ki dubi gabanki. Ga yaro ɗan gida, mun san uwarsa mun san ubansa, a kwano ɗaya muke ci da su. Me ya rasa?"

Yaron da ake magana yana zaune a tabarma yana yagar gurasa, kamar ba shi ake tallatawa ba. Lakhan ke nan, mai gangar da yake yi mata kiɗa a wurin aiki, baƙi kakkaura mai yawan dariya. Tun kafin ta iya ɗaura sari yake cewa ita zai aura, tun ana dariya har aka daina.

"Bar ta, Mama," ya ce da cikakken baki. "Ni ba ni da mota, ba ni da Turanci. Amma ranar da aka yi rabon baki a layin gaba nake."

Ragini ta harare shi, ta karɓe kofin ta fita ƙofar gida. Ya wanke hannu ya biyo ta, wannan karon babu dariya a fuskarsa.

"Na san abin da kike shirin yi, ko da rabinsa ne. Saurare ni. Masu kuɗin garin nan suna kawo miki 'ya'yansu ne don ba su san sunan gidanku ba. Malama Ragini kawai suke gani a waya, ga fari ga Turanci, kowa ya ɗauka 'yar manya ce. Ranar da suka ji sauran sunan, benen nan gidan tantabaru zai koma. Ni ma gangata hutu za ta tafi."

"Tsoronsu kake ji?"

"Yunwa nake tsoro, ba su ba. Duk da haka, idan kika ɗaga hannu zan tsayar da ganga, wannan kin sani. Abu ɗaya nake so ki gaya wa kanki gaskiya a kai. Uwar kike so ki kayar, ko ɗan kike so ya miƙe?"

Ta juya ta kalli bayan mahaifinta da ya ranƙwafa. Tun tana ƙarama haka take ganinsa, a durƙushe yana auna ƙafafun mutane, su kuma suna kallon sama.

"Baba," ta ce, "duk ƙafafun da ka taɓa a rayuwarka, akwai wanda ya taɓa sunkuyawa ya taɓa taka, in ban da mu 'ya'yanka?"

Tsohon ya yi dariya har da tari, bai ko ɗago daga ɗinkinsa ba.

"Shiga ki ci abinci, kin fara sambatu."

*

Abin da ake yayi yanzu, ba a ɗaura auren masu kuɗi sai an yi ranar rawa. Dangin ango da na amarya kowa sai ya hau dandali ya taka kamar a fim, har iyaye mata, a ɗauka a watsa a waya. Su Bajpai sun kafe sai an yi, su Tiwari kuma ba su isa su ce a'a ba, don su ne suka sami surukan da suka fi ƙarfinsu.

Da haka Kusum Tiwari ta zama ɗalibar Ragini. Ranar farko da ta shigo ta ga wace ce malamar, saura kaɗan ta zube. Amma ta haɗiye, don matar Bajpai tana gefenta. Ragini kuwa ba ta raga mata ba. Ta sa ta maimaita taku har gumi ya jiƙa mata baya, ta dafa kafaɗarta, ta kama ƙugunta da hannu biyu tana juyawa.

"Anti, saki ƙugun nan mana, ai ba muciya ba ce."

'Yan mata su kwashe da dariya, Kusum ta yi yaƙe. Kowa ya ɗauka tsufa ne yake sa ta ɗaure fuska. Ragini kaɗai ta san da ta koma gida sai ta yi wanka ta canja kaya kafin ta shiga ɗakin bautarta.

Ranar gwaji na ƙarshe Kusum ta tare ta a bayan labule, inda ake ajiye takalma.

"Ke 'yar baduku, me kike nema da mu?"

"Ƙafar hagu nake nema ki fara jefawa, Anti. Kullum dama kike jefawa."

"Kalma ɗaya zan faɗa wa Bajpai, a watso miki kayanki a titi."

"Faɗa masa. Zai tambaye ki a ina kika san ni. Sai ki ce ɗanki da kika rantse musu bai taɓa ɗaga ido ya kalli mace ba, shekara da shekaru a kwano ɗaya yake cin abinci da ni."

Fuskar Kusum ta yi fari fat. Can kuma sai murmushin nan nata ya dawo, irin na ranar shayi.

"To ashe mun yi daidai. Ni ba zan faɗa ba, ke ma ba za ki faɗa ba, don kin fi ni asara. Irinku kun san darajar abinci. Yi aikinki a sallame ki, ki ɓace mana da gani."

Ta gyara sarinta ta wuce da sakakkiyar zuciya. A ganinta duk wanda ya ɓoye sunan gidansu don ya ci abinci, zai ci gaba da ɓoyewa har ya mutu. Haka ta ga ana yi tun tasowarta, ba ta kuma taɓa ganin wanda ya saɓa ba.

Fitarta ke da wuya sai ga Tanvi ta shigo da tsallenta, waya a hannu kamar kullum. Yarinya ce mai sakin fuska, ba ta da mugunta ko ta ƙwayar gero, duniyarta duka ita ce mutum nawa suka kalli hotonta.

"Malama, taimake ni. Bikin ƙawata an sauko da ango daga sama a cikin kwando, kowa maganarsa yake yi. Mu me za mu yi wanda ba a taɓa yi ba?"

Ragini ta yi kamar tana tunani.

"Akwai wata tsohuwar al'ada ta makarantun rawa. Ba a hawa dandali sai kowane ɗalibi ya taɓa ƙafar malaminsa, sannan ya kurɓi nono da sukari daga hannunsa don neman sa'a. Amma bar shi kawai, mutanen yanzu girman kai ba zai bar su ba."

"Shi za a yi," Tanvi ta ce tana tafa hannu. "Kowa da kowa, har su Mami. Malama, wannan sai ya zaga duniya."

Ta rungume ta ta fita da gudu. Ragini ta ji wani abu ya soke ta a ƙirji, don yarinyar nan ba ta yi mata komai ba. Amma da ta buɗe jaka ta ga jan fentin nan, sai abin ya wuce.

*

Ranar rawa tun rana ba ta faɗi ba babban zauren otal ɗin Bajpai ya cika maƙil. Furanni har rufi, masu ɗaukar hoto ta kowace kusurwa, ana haska bikin kai tsaye ga dangi na Kanada da Dubai. Lakhan yana gefen dandali yana taɓa ganga a hankali. Ragini ta fito cikin jan sari, launin da amare suke sawa, ba ta kuma nemi izinin kowa ba. Ƙafarta babu takalmi sai akayau, hannunta riƙe da kofi.

Tanvi ta karɓi lasifika ta yi bayanin al'adar, aka yi tafi. Ita ta fara sunkuyawa ta taɓa ƙafar Ragini, ta kurɓi nonon. Sai mahaifiyarta, wadda ta koyi rawar gargajiya tana yarinya, ta taso da kanta.

"A gaban malami babu babba," ta ce, ta sunkuya ba tare da wani nauyi ba.

Tunda matar Bajpai ta yi, wa ya isa ya ƙi? Ƙanne da 'yan uwa suka jeru, kowa ya taɓa ya kurɓa ya wuce. Layi yana ta raguwa har ya zo kan Kusum.

Idonta ya sauka a kan mariƙin kofin. Ta gane jan fentin nan take, don da hannunta ta ɗiga shi. Ta ja ta tsaya.

"Kusum-ji, ke ake jira," matar Bajpai ta ce da fara'a, har da ƙara mata "ji" na girmamawa.

Kusum ta waiga dama, ta waiga hagu. Ko'ina wayoyi ne a sama, ga Bajpai a kujerar gaba yana murmushi. Idan ta ƙi za a tambayi dalili, dalilin kuma shi ne zai rushe auren. Ta sunkuya a hankali, gwiwoyinta suna ƙara, har yatsunta suka sauka a kan ƙafar 'yar baduku.

A al'ada idan babba ya sunkuya, ƙarami yakan yi maza ya tare shi tun bai kai ƙasa ba. Ragini ba ta tare ta ba. Ta bar ta a nan sai da masu hoto suka ɗauka suka more, sannan ta miƙa mata kofin, ta rage murya yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Sha, Anti. Kada ki damu, na wanke shi. Da hannuna."

Kusum ta rufe ido ta kurɓa.

Kada a yi ƙarya, Ragini ta ji daɗi har cikin ƙashinta. Ta ji kamar an sauke mata dutsen niƙa daga ƙirji, ta so a ce Baba yana nan ya gani. Sai dai daɗin bai daɗe ba, don saura mutum ɗaya a layi.

Anurag yana tsaye cikin doguwar rigarsa mai aikin zinare, kuma daga ganin fuskarsa ya gane. Babu wanda bai sani ba a zauren nan, macen da ka taɓa wa ƙafa da sunan malama ta zama uwa a wurinka, babu aure a tsakaninku har abada. Abin da aka ce zai gane idan ya zo, ga shi ya zo.

A lokacin Ragini ta sami amsar tambayar Lakhan, ta kuma ji kunyar amsar. Ba uwar ba ce. Da zai ce a'a, ko a hankali ne, da ta yar da kofin nan ta kama hannunsa, ta bar Kusum da sirrinta. A zuciyarta roƙonsa take yi: ƙi, Anurag, sau ɗaya a rayuwarka ka ƙi.

"Ango kunya yake ji," Tanvi ta ce a lasifika, zaure ya ɗauki dariya.

Leɓensa ya motsa kamar zai yi magana. Ya kalli Ragini, kallon da ta sani tun suna jami'a. Sannan ya waiga ya kalli mahaifiyarsa, wadda take goge baki da gefen sari. Kusum ta ƙanƙance ido kaɗan, iyakar abin da ta yi ke nan.

Ya sunkuya.

Ragini ta ji sanyin yatsunsa a ƙafarta, ta ji ɗumin hawayensa ya ɗiga a kai. Ta ɗora hannu a kan sumar da ta sha shafawa, kamar yadda malamai suke yi. Muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ubangiji ya ba ka tsawon rai. Ya ba ka 'ya'ya masu baki."

Ya miƙe ya kurɓi nonon, bai yarda sun haɗa ido ba. Aka yi tafi kamar zauren zai tsage. Mai gabatarwa ya matso da lasifika yana washe baki.

"Malama, masu kallo a waya sai tambaya suke yi, wace ce wannan? Gaya musu cikakken sunanki, su san inda za su neme ki."

Ragini ta ɗaga hannu. Ganga ta tsaya cak.

"Sunana Ragini Jatav," ta ce. "Ubana Bansilal baduku ne. Wataƙila takalmin da yake ƙafar wasunku shi ya ɗinka. Duk rayuwarsa a durƙushe ya yi ta a gaban ƙafafunku, yau kuma kun ga yadda abin yake. Wannan kofin da kuka sha a ciki na mai sharar gidan Tiwari ne. A ciki aka ba ni shayi, ranar da ɗansu ya kai ni ya ce ni zai aura."

Wata tsohuwa ta tofar da yawu a hankicinta. Wani ya ce a kashe kyamara, amma wayoyin da suke sama babu wadda ta sauka. Bajpai ya miƙe a hankali ya juya wajen Kusum.

"Kusum-ji, kin san yarinyar nan?"

Kusum ta nemi kujera ta dafa. Tanvi kuwa ba ta kalli kowa ba sai angonta.

"Gaskiya ne? Anurag, da kai nake magana. Gaskiya ne?"

Anurag yana kallon yatsun ƙafarsa.

"Ki yafe mini, Tanvi," Ragini ta ce. "Ke ba ki yi mini komai ba, kuma na san na cuce ki. Amma kada ki tsaya jiran amsa. Ni na jira."

Ta ture lasifikar ta sauko daga dandali. Mutane suna darewa suna ba ta hanya, matan da ɗazu suke rungumarta suna janye bakin sarinsu kada ya goge ta. Ta san daga yau babu wanda zai ƙara hawa benenta. Lakhan ya riga ya rataya gangarsa yana jiranta a bakin ƙofa.

"Ragini!"

Muryar Anurag ta cika zauren, har masu raba abinci suka waigo. Tunda ta san shi ba ta taɓa jin ya ɗaga murya haka ba. Ta tsaya, ta juyo, ta tako har gabansa, akayau yana amsa kowane taku. Fuskarsa ta jiƙe da hawaye, ya miƙo mata hannu biyu.

Ta saka masa kofin a ciki.

"Malama za ka ce, kai ka zaɓa. Riƙe. Ka sha, Mami ma ta sha. A gidanku wanda ya sha shi yake wankewa. In kun gama ku kife shi a bakin taga."

Sai da ta kai bakin titi sannan ta bar hawayen suka zubo. Lakhan, mai bakin nan, yana tafiya a gefenta da gangarsa, bai ce mata komai ba.